Ranar da Baba Ya Tsayar da Mota a Kan Yashi

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba, wanda mutanen Gumel suka fi sani da Garba Direba. Da kaka ya rasu, irin wannan lokacin da muke ciki, an gama yankan gero ana cikin cirar gyaɗa. Shekarar ta yi albarka ƙwarai. Ruwa ya sauka da wuri ya kuma ɗauke a kan kari, rumbuna suka cika har ana jibge dammuna a kan rumfa. Duk inda mutum ya bi sai ƙamshin tumu da ɗanyar harawa, mata na sussuka suna waƙa, ɗaurin aure kuwa kusan kowace Juma'a. Na tuna yadda farin cikin garin ya riƙa yi mini nauyi, domin mu a gidanmu jinya muke yi, kuma mun san inda jinyar ta dosa.

Ni ce 'yarsa ta fari. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, na shiga ina da 'ya'ya uku, don haka masu karatu su yi haƙuri in maganar ta zo a hankali. Abin da ya taso mini da ita bana shi ne wani labari da muka ji a rediyo, wai ana tseren motoci da babura a cikin hamada ta ƙasar Nijar, kwana da kwanaki, ba kwalta ba hanya. Ɗana Sanusi, mai kai kaya kasuwar Maigatari a kan babur, ya kasa kunne yana ta jinjina kai. Na ce masa ai kakanka ya yi irin wannan tun ba a haifi iyayen masu yi yanzu ba. Ya yi dariya ya ce, "Inna, wane kakan? Mai jakin?" Ban ji haushinsa ba. Da jaki ya san shi. Baba ya yi shekara arba'in ana kiransa Direba bai sake riƙe sitiyari ba.

Abin da zan faɗa game da tseren ba da idona na gani ba, ina kwana biyu a duniya aka yi shi. Daga bakin mahaifiyata na ji, da na ƙanenta Kawu Idi, da na duk wani tsoho da ya ga dama ya tsokane ni.

Baba ya taso cikin fatauci. Tun yana saurayi yake kora jakuna tsakanin Gumel da Maigatari har Damagaram, kanwa ta sauko, hatsi ya hau. Daga baya ya tafi Kano cin rani, ya faɗa hannun wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa da fata, a nan ya koyi tuƙi. A lokacin ana cikin shimfiɗa layin dogon da zai bi ta Gagarawa, jirgi bai fara zuwa ba tukuna. Kamfanin ya so ya san wace irin mota ce za ta iya da yashin ƙasarmu, kuma wane direba ne zai iya kwaso kaya daga ƙauyuka zuwa sabuwar tashar in an buɗe ta. Sai suka shirya gwaji: motoci uku da babura biyu. A tashi daga Gumel a kwana Gagarawa, kashegari a bi ta Ɗanzomo da Sule Tankarkar a ƙare a kasuwar Maigatari. Hanyar mota babu. Kowa ya nemi tasa, muddin ya ratsa waɗannan garuruwa a rubuta sunansa. Direban da ya fara isa da motarsa lafiya shi za a damƙa wa sabuwar babbar mota, da aiki na dindindin. Baba kaɗai ne ɗan ƙasar nan a cikinsu. A gefensa aka zaunar da wani Bature da ake ce wa Mai Lofe, da agogo a hannu.

Kawu Idi ya ce ranar da za su tashi sauran direbobin dariya suka yi ta yi wa Baba, saboda ya ɗaura zana biyu da damin kara a kan motar kamar mai shirin kafa bukka. Da suka fita gari kuma ya sauko ya rage iskar tayoyinsa, har Mai Lofe ya zaci ɓarna yake yi masa. Amma Baba ya san yashi kamar yadda mace ta san garin tuwonta. Ya san jan yashi yana riƙe ƙafa, farin rairayi kuwa haɗiyewa yake. Ya san inda sabara da kalgo suka yi yawa akwai saiwa a ƙasa, taya za ta sami abin kamawa. Ya san ba a kusantar bakin rijiya, domin kofaton shanu ya riga ya tone wurin. Ya san da sassafe raɓa tana ɗaure yashi, in rana ta take sai ya saki. Kuma yana da doka guda da yake maimaitawa har tsufansa, ko jaki yake korawa: ba a tsayawa a kan yashi. Ko a hankali ne ka ci gaba da tafiya, in ka tsaya ka nutse.

Ranar farko shi ya fara shiga Gagarawa. Mota ɗaya ruwanta ya tafasa a tsakiyar jigawa, ɗaya ta kafe sau uku. Wani mai babur ya faɗi cikin ƙarangiya, aka ce sai da ya tuɓe wando a daji yana cira ɗaya bayan ɗaya. Mai Lofe ya sauko yana dukan kafaɗar Baba, yana gwada masa da hannu girman motar da za a ba shi.

Kashegari ne abin ya faru. Gab da Ɗanzomo akwai ɗan ƙauyen kakannina na wajen uwa, kuma mahaifiyata tana can ta je haihuwar fari kamar yadda aka saba. Turbar da Baba ya bi ta ratsa ta ƙofar gidan surukinsa. Tsohon yana zaune a gindin bishiya yana tufkar igiya. To, a wancan zamani ko jaki mutum yake kai ba ya wuce ƙofar surukinsa a haye, balle wani abu mai ruri da hayaƙi. Baba ya taka birki tun daga nesa, ya kashe inji, ya sauko, ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya tako ya durƙusa. Inda ya tsayar da motar farin rairayi ne.

Aka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina aiki, ina mutanen Kano, yaya kaka, yaya dabbobi. Maganar haihuwa ba wanda ya taɓo ta, daga shi har tsohon, domin abin kunya ne. Mai Lofe yana can tsaye a kan mota yana ɗaga agogo yana ihu da Hausarsa 'yar kaɗan, "Garba, tafi! Garba, tafi!" Kakana ya dube shi ya ce, "Baƙon naka da alama ƙishirwa yake ji. Ya sauko mana." Aka fito da fura. Baba ya karɓa da hannu biyu. Yana cikin sha mai babur ya ratso ta tsakiyar ƙauyen, kaji na tashi sama, ya wuce ko waiwaye babu.

Da Baba ya koma, motar ta zauna a cikin rairayi har ciki. Aka shimfiɗa zana, aka cusa kara, mazan ƙauyen duka suka sa kafaɗa. Ta fito, sai inji ya ƙi tashi, Baba ya yi ta murɗa ƙarfen gaba da ake tayar da inji da shi har tafin hannunsa ya saɓule. Kafin ta kama, mota ta biyu ta wuce su. Bayan la'asar suka shiga Maigatari, an riga an gama tafi an watse. Mai Lofe ya ce mutumin da zai bar mota ya je gaisuwa ba za a ba shi amanar motar kamfani ba. A nan aka sallame shi. Da ayarin masu jakuna ya dawo gida.

Sunana na yanka Hauwa'u, amma ban tashi na ji ana kirana da shi ba. Ta-Mota ake ce mini. Gwaggonnina in na yi ɓarna sai su ce, "Ai ba yau kika fara ba, ke da kika sauke ubanki daga mota kina cikin tsumma." Wasa suke yi, na sani. Amma yaro ba ya rarrabe wasan da ake maimaita masa kullum. Na girma ina ganin motocin gyaɗa suna wucewa zuwa tasha, direbobinsu da hula a karkace, ana yi musu kirari. Na girma ina ganin Baba yana jan jakinsa gefe ya ba su hanya. Wani lokaci sai ya tsaya ya karkata kai yana sauraren injin, ya ce a hankali, "Wannan ba za ta kai Gagarawa ba." Kuma da yamma a ji ta mutu a hanya. Idan na ga fuskarsa a irin wannan lokaci sai in ji kamar in nutse.

Ga kuma kunyar 'yar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ko na yanka ko na tsokana. "Yarinyar nan" ce ni, har na yi jikoki a gaba. Ƙannena suna hawa kafaɗarsa, suna cin sauran tuwonsa, ni kuwa in na kawo abinci sai in ajiye a bakin ƙofa in juya. Na san al'ada ce, kowane gida haka ake yi. Amma ni tawa ta haɗu da maganar mota, sai na kasa gane ina kunya ta tsaya ina haushi ya fara. Tambaya ɗaya na riƙe a raina tun ina 'yar shekara bakwai: shin in Baba ya dube ni, abin da ya rasa yake gani? Kuma ba tambayar da 'yar fari za ta iya yi wa ubanta ba ce.

Yau in na zauna a ƙofar gida ina kallon titi nakan ce, da Baba zai leƙo me zai ce? Tafiyar da ta cinye musu yini, yanzu Sanusi yana yin Gumel zuwa Maigatari ya dawo kafin in sauke tukunya. Kwalta ta shimfiɗu, manyan motoci suna ta shige da fice a kan iyaka, yara ƙanana sun san sunan kowane ƙarfe a jikin babur. Ina jin abin da zai fara yi shi ne ya durƙusa ya latsa taya ya ce iskar ta yi yawa. Zai yi mamakin saurin, amma ba na jin zai burge shi. Yakan ce wanda aka yi wa hanya ba shi ne direba ba, direba shi ne wanda ya dubi daji ya ga hanya a ciki.

Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne gaisuwar yanzu. Na ga samari suna wuce ƙofar surukansu a kan babur, su danna ham su ɗaga hannu, shi ke nan an gaisa. Na ga Sanusi ya ɗora 'yarsa ta fari a gabansa yana zagaya gari da ita, yana kiran sunanta da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Ranar farko da na gani sai da na rufe fuska da mayafi. Da a ce kafin waccan kakar ne aka tambaye ni, da na ce Baba zai yi tir. Yanzu ba na cewa haka. Ina jin zai kawar da kai, ya yi kamar bai gani ba, can kuma ya saci kallo.

Dalilina shi ne abin da na ji kwana tara kafin ya cika.

Bayan la'asar ne. An fito da shi inuwar rumfa ya sha iska, ni kuma ina bayan zana ina ɓarar gyaɗa. Kawu Idi ya yi sallama. Shi ƙanen matarsa ne, abokin wasansa, bai taɓa raga masa ba ko a gadon ciwo.

"Direba, an kwanta ke nan? Ko inji ne ya yi zafi?"

"Inji ya tsufa, Idi. Naka ma tun daga zaure nake jin yana tari."

Suka yi dariya. Kawu ya zauna ya ce, "Ka ga da ka wuce abinka ranar nan, da yanzu a Kano kake kwance, gidan bene, likita na kanka. Ga ka a tabarmar kaba. Kunya ta cuce ka, mijin yaya."

Wannan magana an yi masa ita ta fi a ƙirga, kullum murmushi yake yi ya bar ta. Ran nan kuwa bai bar ta ba. Can ya ce, "Idi, kai da ka yi kiwo a wurin, ka manta burtalin bayan gari?"

"Wanne?"

"Wanda ya bi ta gefen fadama ya ɓulla Ɗanzomo. Ƙasa mai tauri, shanu sun daddaɓe ta. Ya ma fi kusa."

Kawu ya ce, "Af! To kai da ka san shi, uban me ya kai ka ƙofar tsoho?"

Hannuna ya tsaya a cikin ƙwarya.

Baba ya ce, "Da muka sauka Gagarawa na haɗu da wani mai jaki daga wajenku. Ya ce ya baro yayarka kwana biyu tana kan gwiwa, bai san yadda aka ƙare ba. To wa zan tambaya? Bature? Ko in aika wa surukina in ce a gaya mini ko matata ta sauka? Hanya ɗaya ce ta rage mini, in je gaisuwa."

Ya nemi ruwa, Kawu ya ba shi. Ya ci gaba.

"Na durƙusa gaban tsoho, bakina yana gaisuwa, idona da kunnena suna cikin gida. Ban ga zaman makoki ba. Na hango hayaƙin ruwan wankan jego yana tashi ta bayan danga, na ce to, alhamdu lillahi, uwa tana nan. Saura abin da aka haifa. Shiru. Na ja gaisuwar, shiru. Kuna cewa kwaɗayin fura ya zaunar da ni. Ni kuwa kurɓa nake ina jira. Sai da mai babur ɗin nan ya ratso da ƙararsa, yarinyar nan ta firgita, ta callara kuka. Kai Idi, murya kamar ta raba gardama. Kowa ya juya yana kallon babur yana cewa an wuce ka, an wuce ka. Ni ban ma san ya wuce ba."

Na ji Kawu Idi ya gyara zama. Daga baya ya ce, "Shekara arba'in ka bar mu muna yi maka dariya."

"Dariyar ta fi sauƙi. Da me zan ce muku?"

"Motar fa? Ba ka yi da-na-sani ba?"

"Motar kam na so ta, ba zan yi maka ƙarya ba. Har gobe in na ji inji sai gabana ya faɗi. Amma da za a mayar da ni Gagarawa da safiyar nan, ta ƙofar tsoho zan sake bi." Sai ya ɗaga murya, fiye da yadda mai magana da na kusa da shi yake bukata, ya ce, "Kada ka gaya wa kowa fa."

Zana ɗaya ce tsakaninmu. Ya san wanda ke ɓarar gyaɗa a bayanta, tun azahar yake jin ƙarar ɓawon.

In na auna abin da ya rage na Baba a duniya, ba shi da yawa. Ba hoto, ba takarda. Kamfanin ya daɗe da tattara nasa ya tafi. Burtalin an nome shi, ƙauyen kakannina ya koma gida huɗu. Waɗanda suka tura motar duk sun riga mu gidan gaskiya, Kawu Idi ne na ƙarshensu. Ko a Gumel, in ka ce Garba Direba sai tsofaffi ƙalilan za su ɗaga kai, su ma abin da suka riƙe shi ne wani mutum da kunya ta hana shi arziki. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta, ko da ya ce kada a faɗa, tunda ba ni ya ce wa ba. Mutumin ya san hanya mai tauri, ya san dokar yashi fiye da kowa, ya kuma san abin da zai rasa. Da saninsa ya tsaya. Su mutanen da, ba rashin so ne ya hana su magana ba. Sai dai sun bar mu muna lalube, wasunmu har suka mutu ba su sami zanar da za su tsaya a bayanta ba. Ni Allah ya ba ni tawa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyauta tamu in ta zo.

Ranar ban fito daga bayan zanar ba sai da aka mayar da shi ɗaki. Washegari da safe na dama kunun gyaɗa da sabuwar gyaɗar. Ƙanwata ta miƙo hannu za ta kai masa kamar kullum, na ce ta bari. Na yi sallama, ban ajiye a bakin ƙofa ba, na shiga har ciki na durƙusa kusa da kansa. Ya juya fuska wajen bango.

"Wane ne?"

"Ni ce, Baba."

"Da zafi?"

"Na fifita."

Na tallafo kansa ya sha. Da na yunƙura zan tashi, ya ce, har yanzu yana kallon bango, "Ina za ki? Aikin ba zai gudu ba."

Na koma na zauna. Ina nan kusa da shi har rana ta shigo ɗakin ta kai bakin tabarmarsa.